Talaucin yaran 'yan asalin Kanada: a cikin kasafin kuɗi aka rubuta shi

Kwanan baya a wata majalisa ana hirar masu neman bizar Kanada, sai wani ya bugi ƙirji ya ce a ƙasar babu yaron da ke kwana da yunwa, gwamnati ce ke ɗauke da kowa tun daga ranar haihuwa. Babu wanda ya musa masa. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ganin kitse ake yi wa rogo, kuma su kansu 'yan Kanada da yawa haka suke kallon ƙasarsu.

Arziki dai akwai shi. Kanada na cikin ƙungiyar G7, tana da man fetur da ma'adinai da dazuzzuka da ruwan daɗi irin wanda ƙasashe kaɗan ne ke da shi, mutanenta kuma ba su wuce miliyan 40 da 'yan kai ba. Duk da haka, a 2022 yara kusan miliyan 1.4 ne ke cikin talauci, kamar yadda gamayyar Campaign 2000 ta lissafa daga bayanan haraji. Inda abin ya fi muni kuwa shi ne tsakanin 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu ke zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa.

Matsayina a nan a fili yake. Wannan talauci aikin hannu ne. Dokoki da tsarin rabon kuɗi ne suka haife shi, hanyar ƙidaya ce ta lulluɓe shi, kuma ƙasar na da halin kawar da shi a duk ranar da ta ga dama.

A ƙidayar 2021, 'yan asalin ƙasa sun kai miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin 100 na jama'a. Kashi uku ne: Al'ummomin Farko, masu garuruwa sama da 600, da Métis, zuriyar auratayyar 'yan asali da Turawa, da kuma Inuit na can arewa mai ƙanƙara. Tsarin mulkin 1867 ya ɗora al'amuran Al'ummomin Farko da filayen da aka keɓe musu a wuyan gwamnatin tarayya, alhali makaranta da asibiti da walwalar yara na sauran jama'a aikin larduna ne. A riƙe wannan rabon, domin yawancin ɓarnar daga nan ta faro.

Ma'aunin da ya tsallake su

A watan Nuwamban 1989, Majalisar Wakilan Kanada ta amince baki ɗaya da ƙudurin da Ed Broadbent ya gabatar, na kawo ƙarshen talaucin yara kafin shekarar 2000. Shekarar ta zo ta wuce. Sai a 2018 ma ƙasar ta tsayar da ma'aunin talauci a hukumance, aka sa shi cikin doka a 2019.

Ga yadda ma'aunin yake aiki. Ana haɗa kwandon buƙatun iyali mai mutum huɗu, manya biyu da yara biyu: abinci, sutura, muhalli, sufuri da sauran kayan yau da kullum. Ana duba kuɗin kwandon a kowane yanki. Iyalin da abin hannunsu bai kai kuɗin kwandon ba, su ne matalauta. Tsari ne mai ma'ana, sai dai ba a auna shi a keɓaɓɓun filayen Al'ummomin Farko, kuma binciken samun kuɗi na shekara-shekara da ake dogara da shi ba ya shiga waɗannan garuruwa. Saboda haka idan minista ya tashi ya ce talaucin yara ya sauka zuwa kaza, yaran da suka fi kowa talauci ba sa cikin lissafinsa.

Sai an koma ga babbar ƙidaya ake ganinsu. A 2019 Majalisar Al'ummomin Farko, wato ƙungiyar shugabanninsu ta ƙasa, da abokan aikinta suka fitar da rahoto bisa ƙidayar 2016. Kashi 47 cikin 100 na yaran Al'ummomin Farko masu rajistar zama 'yan asali a wurin gwamnati na cikin talauci. A keɓaɓɓun filaye kashi 53 ne. A irin waɗannan filaye na Manitoba da Saskatchewan, kashi 65. Ga yaran farar fata waɗanda ba baƙi ba kuwa, kashi 12 ne. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, amma tazarar ta ninka sau huɗu har da ɗoriya.

"Talaucin Kanada ai ba irin namu ba ne"

Wannan ce magana ta farko da za a mayar mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ganin likita kyauta ne, akwai tallafin gwamnati, kuma mai karɓar dala dubu a wata ya fi ma'aikatanmu da yawa a takarda. Amma talauci ba a takarda ake jinsa ba. A duba ruwa da abinci da wurin kwana.

Neskantaga ƙaramin garin Al'ummomin Farko ne a arewacin Ontario, jirgin sama ke kai mutum. Tun ranar 1 ga Fabrairun 1995 aka umarci mutanensa su riƙa tafasa ruwan famfo kafin amfani, kuma a Fabrairun 2025 umarnin ya cika shekara 30. Uwa a irin wannan gari sai ta dafa ruwa ya tafarfasa na aƙalla minti ɗaya kafin ta dama madarar jariri, ta wanke kwano, ko yaro ya goge haƙori. Ruwan sha a roba yake zuwa ta jirgi, a raba wa gida-gida. Iyaye sun daɗe suna kukan ƙuraje da ƙaiƙayi a jikin yara bayan wanka. A Oktoban 2020 aka ga wani maiƙo yana yawo a ma'ajiyar ruwan garin, aka kwashe jama'a zuwa otal-otal a Thunder Bay har na tsawon makonni.

Dalilin da matatun ruwa ke mutuwa a irin waɗannan garuruwa sananne ne. Gina matata abu ɗaya ne, riƙe ta kuma wani abu ne daban: kulorin, matatai, famfunan tura ruwa, gwajin ruwa kullum, da ma'aikaci mai takardar ƙwarewa. Shekara da shekaru gwamnatin tarayya ta riƙa biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanarwa, garin da ba shi da hanyar samun kuɗin shiga ya nemo ragowar. A 2021 babbar mai binciken kuɗi ta ƙasa, Karen Hogan, ta gano cewa tsarin lissafin wannan kuɗi ya shekara 30 ba a taɓa shi ba, kuma albashin masu kula da matatun ya gaza na takwarorinsu na birni. Matashi ya sami horo, birni ya ɗauke shi. Famfo ya lalace, a jira jirgi ko a jira sanyi ya daskarar da tafkuna a buɗe hanyar ƙanƙara, wadda makonninta ke ta raguwa saboda ɗumamar yanayi.

Labarin Shoal Lake 40, wani garin nasu, ya fi ɗaga hankali. Daga tafkinsu ake jan ruwan da birnin Winnipeg ke sha tun 1919, kuma aikin jan ruwan ne ya yanke garin ya mai da shi tsibiri. Su da kansu suka yi shekara 24 suna tafasa ruwa, daga 1997 zuwa 2021. Hanyar mota ma sai a 2019 suka samu.

A Nunavut, ƙasar Inuit, garuruwa 25 ne kuma babu titin da ya haɗa ɗaya da wani ko da kudu. Kayan da ba sa lalacewa jirgin ruwa ke kawowa a 'yan watannin da ƙanƙara ta narke, madara da kayan lambu kuma sai jirgin sama. Farashi kan ninka na kudu sau biyu ko uku. Binciken lafiyar yaran Inuit na 2007 zuwa 2008 ya gano cewa kusan 7 cikin kowane 10 na yaran da ba su isa shiga firamare ba suna gidajen da abinci ba ya wadata. A 2011 gwamnati ta kawo shirin Nutrition North, wanda ke ba manyan kantuna tallafi da nufin su rage farashi. A 2014 ofishin binciken kuɗi ya ce ma'aikatar ba ta tabbatar ko rangwamen na isa hannun mai saye gaba ɗaya ba. Wani bincike kuma ya nuna ƙarancin abinci a gidajen yankin ya tashi daga kashi 33 a 2010 zuwa kusan 47 a 2014, wato bayan an fara shirin.

Sai cunkoson gida. Fiye da rabin Inuit da ke zaune a ƙasarsu ta gado suna cikin gidajen da suka yi musu kaɗan. Inda sanyi ke kaiwa 40 ƙasa da sifili ba a buɗe taga, numfashin mutum goma sha na taruwa a ɗaki, bango ya yi fumfuna. Tarin fuka nan yake samun gindin zama. A 2016 yawansa tsakanin Inuit ya kusa ninka na haifaffun Kanada da ba 'yan asali ba sau 300. Wanda ya san tarin fuka a unguwanninmu ya san cutar talauci ce a ko'ina take.

"Ai biliyoyi ake zuba musu, ba sa ma biyan haraji"

Wannan ita ce waƙar da ake yawan rerawa a cikin Kanada kanta. Biliyoyin da ake faɗa, mafi yawansu kuɗin makaranta ne da shan magani da ruwa da hanya, abubuwan da kowane ɗan ƙasa ke samu daga lardinsa ba tare da an kira su kyauta ba. Abin tambaya shi ne ko kuɗin ya kai na maƙwabta.

Bai kai ba. A 1996 gwamnatin tarayya ta ƙayyade cewa kuɗin muhimman ayyuka a garuruwan Al'ummomin Farko ba zai ƙaru da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara ba. Aka ce na ɗan lokaci ne, ya kai shekara 20. A tsawon lokacin tsadar kaya kaɗai ta cinye wannan ƙari, ga kuma al'umma mafi yawan haihuwa a ƙasar. Kowace shekara rabon kowane yaro na ƙanƙancewa ba tare da an sanar da yanke ko sisi ba. A 2016 jami'in kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa gibin makarantun waɗannan garuruwa zai iya kai dala miliyan 665 a shekara guda.

A Attawapiskat, wani garin Al'ummomin Farko, man dizal ya malale ƙarƙashin makarantar firamare tun 1979, aka rufe ta a 2000, yara suka koma azuzuwan wucin gadi suna ratsa ƙanƙara daga wannan zuwa wancan. Wata yarinya 'yar garin, Shannen Koostachin, ta kai kukansu har Ottawa tana da shekara 13. Ta rasu a hatsarin mota a 2010, sabuwar makarantar kuma sai 2014 ta buɗe. Kilomita 90 daga garin, kamfanin De Beers ya haƙi lu'ulu'u daga 2008 zuwa 2019.

Batun haraji kuwa, sassaucin ya shafi mai rajista ne a kan abin da ya samu a cikin keɓaɓɓen fili, inda aikin yi ya fi ƙaranci. Wanda ke aiki a Toronto ko Winnipeg yana biya kamar kowa. Dokar 1876 mai kula da al'amuran Al'ummomin Farko (Indian Act) da ta ba da sassaucin ita ce kuma ta bar mallakar filin a hannun gwamnati, ta hana a ƙwace kadarar da ke kansa saboda bashi. Banki ba ya karɓar jinginar abin da ba zai iya ƙwacewa ba. Ke nan hanyar da talakan Kanada ke bi ya tara dukiya, ya ci bashi ya sayi gida, gidan ya yi daraja, ya jinginar ya buɗe sana'a, ya bar wa 'ya'ya gado, a toshe take ga mafi yawan mazauna waɗannan filaye.

Kada a manta da abin da aka karɓa daga hannunsu. A yawancin yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga 1871, waɗanda suka buɗe wa Turawa yammacin ƙasar, kuɗin shekara na kowane mutum dala 5 ne, kuma har yau dala 5 ake miƙawa. A yarjejeniyar Robinson Huron ta 1850 an yi alkawarin ƙara kuɗin idan ƙasar ta kawo riba. An kai shi dala 4 a 1875, daga nan ba a sake ƙarawa ba, alhali daga wannan yanki aka haƙo ma'adinan Sudbury. Sai da aka je kotu kafin a 2023 gwamnatocin tarayya da Ontario su yarda su biya dala biliyan 10.

Ana kuma cewa shugabanninsu ke cinye kuɗin. Ba na wanke kowa, ɓaragurbi akwai su a ko'ina, kuma a hukunta wanda aka kama. Amma tun 2002 mai binciken kuɗi Sheila Fraser ta gano cewa ƙaramin gari kan miƙa rahoto aƙalla 168 a shekara ga hukumomin tarayya huɗu. Sa ido bai yi ƙaranci ba. Tukunyar ce aka zuba wa abin da bai isa ba.

"Laifin iyaye ne"

A nan ne raina ya fi ɓaci, domin an bar jaki ana dukan taiki.

A ƙidayar 2021, yaran 'yan asali su ne kashi 7.7 na yara 'yan ƙasa da shekara 15, amma su ne kashi 53.8 na waɗanda hukuma ta ɗauke daga iyayensu ta ba riƙo. Binciken da aka yi ta maimaitawa ya nuna babban dalilin ɗaukewar shi ne abin da ake rubutawa a fayil da sunan sakaci, ba duka ko cin zarafi ba. Sakacin nan idan aka buɗe shi, firij ne babu abinci, ɗaki ne mai fumfuna, yara huɗu ne a katifa ɗaya. Shaye-shaye na nan, ba a ɓoye shi. Amma a tambayi daga ina ya fito. Yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na gwamnati da coci-coci, inda ake dukansu idan sun yi yarensu, dubbai kuma ba su dawo ba. Irin waɗannan makarantu sun kai har tsakiyar shekarun 1990. Wanda aka raba da uwarsa yana shekara shida, a ina zai koyi reno?

Tsarin kuɗin ma kansa ɗaukewa yake ƙarfafawa. A ƙa'idar da gwamnatin tarayya ta yi aiki da ita tun farkon shekarun 1990, idan hukumar walwala ta ɗauke yaro, ana biyan duk abin da aka kashe a kan riƙonsa. Idan kuwa tana son ta taimaki uwar ta riƙe ɗanta, ta gyara rufi, ta sayi gado, ta kai uban wurin magani, sai dai ta tsakuro daga ɗan ƙayyadadden kuɗin gudanarwa. Jami'ar da ke tsaye a ƙofar gida ta san hanya ɗaya ce mai kuɗi. Kuma da zarar an ɗauke yaro, tallafin wata-wata da uwar ke karɓa dominsa ya tsaya, ya koma hannun hukuma. Ta ƙara talaucewa, sannan a ce sai ta nuna gida mai wadata kafin a mayar mata da shi.

Wannan ba zargina ba ne. A 2007 Cindy Blackstock, mai fafutukar haƙƙin yaran 'yan asali, da ƙungiyarta tare da Majalisar Al'ummomin Farko suka kai ƙara. Gwamnati ta yi ta neman a kori ƙarar. Ranar 26 ga Janairun 2016 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kanada ta yanke hukuncin cewa gwamnatin tarayya na nuna wa waɗannan yara wariya ta hanyar ƙarancin kuɗi. A 2019 ta ce a biya kowane yaro dala 40,000, iyakar abin da doka ta ba ta damar yankewa.

"To ai an gyara"

An taɓuka, kuma adalci ne a faɗa. A 2023 kotun tarayya ta amince da diyyar dala biliyan 23.3. An ɗage umarnin tafasa ruwa na dogon lokaci sama da 140 tun 2015, ko da yake alkawarin Firaminista na lokacin, Justin Trudeau, na gamawa da su duka kafin Maris 2021 bai cika ba. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ba al'ummomin damar karɓar ragamar walwalar 'ya'yansu, Cowessess ta Saskatchewan ce ta fara sa hannu a 2021. Tallafin yara da aka fara a Yulin 2016 kuɗi ne na gaske: a shekarar 2024 zuwa 2025 ya kai dala 7,787 a shekara ga yaro ɗan ƙasa da shida a gida mai ƙaramin ƙarfi.

Amma ba a samun tallafin sai uwa da mijinta sun cike takardar haraji kowace shekara, ko da ba su sami ko kwabo ba. Ana buƙatar takardar haihuwa da lambar shaidar aiki. A garin da babu banki, babu akanta, intanet na zuwa yana ɗaukewa, kuma mutane ba su saba cikewa ba tunda ba a binsu haraji, da yawa kan faɗi a wannan mataki. Kakar da ke riƙon jikoki ba tare da takarda ba ita ma sai ta kawo hujja. Ƙiyasin gwamnati na 2017 ya nuna kashi 79 na iyalan da suka cancanta a keɓaɓɓun filaye ne ke karɓa, a sauran ƙasa kuwa kashi 97. Gyaran wannan ba ya buƙatar sabuwar doka mai wuya. Hukumar haraji ta riga ta san waɗanda ba su da komai, ta cike musu da kanta, ta kuma tura ma'aikata gari-gari da na'urar yin rajista, tunda ana iya biyan bashin tallafin har na shekara 10 baya.

Shekarar 2020 ta nuna abin da kuɗi a hannun iyaye ke yi. Da korona ta zo, gwamnati ta riƙa ba wanda ya rasa aiki dala 2,000 a wata, talaucin yara ya faɗo zuwa kashi 13.5. Da aka janye, ya hau zuwa 18.1 a 2022. Iyayen dai su ne, halinsu bai canza cikin shekara biyu ba.

Abu na farko da nake ganin ya wajaba shi ne a shigar da keɓaɓɓun filaye cikin ma'aunin talauci, da kwandon da ya dace da farashin can, kuma al'ummomin su riƙe bayanansu. Na biyu, kuɗin makaranta da ruwa da walwala ya zama na doka, mai bin yawan yara da nisan gari da tsadar kaya, yadda sabuwar gwamnati ba za ta iya daskarar da shi a ɓoye kamar 1996 ba.

Na uku shi ne a cika ƙa'idar Jordan. Jordan River Anderson ɗan Norway House ne, wani garin Al'ummomin Farko a Manitoba, an haife shi a 1999 da wata cuta mai wuyar sha'ani. Da ya kai kimanin shekara biyu likitoci suka ce zai iya komawa gida na musamman kusa da asibiti. Gwamnatin tarayya da ta Manitoba suka shiga jayayyar wa zai biya, har kan ƙananan kayan wanka. Ya rasu a asibitin Winnipeg a 2005 yana da shekara biyar, bai taɓa kwana a gidan iyali ba. A Disambar 2007 majalisa ta amince da ƙa'ida da sunansa: hukumar da aka fara tunkara ta biya wa yaro buƙatarsa, gwamnatoci su yi rigimarsu daga baya.

Kotu ta sa wa'adi a kan haka: awa 12 idan buƙatar gaggawa ce, awa 48 idan ba gaggawa ba. A ƙarshen 2024 gwamnati da kanta ta ce buƙatu kimanin 140,000 ne ke jibge ba a duba ba. A cikinsu akwai keken guragu, na'urar ji, malamin koyar da magana ga yaron da harshensa ya yi nauyi, da kuɗin jirgin kai yaro wurin likita a Winnipeg ko Thunder Bay. Yaron da aka nema wa na'urar ji yana shekara biyu, idan takardarsa ta yi shekara a kan tebur, lokacin da kunne da harshe ke koyon magana ne ke wuce shi, kuma haka zai shiga aji ɗaya.